Shekarar da Bukkar Baffa Ta Riga Shanu Zuwa Lau

Bayan gidana a Mayo Gwoi, nan cikin Jalingo, akwai wani tudu mai tsakuwa wanda har yau masu sayen filaye ba su gama cinye shi ba. A nan Baffa Hammanjoda yake yin damina da shanunsa tun kafin a san za a yi unguwa a wajen. Mu muka same shi, ba shi ya same mu ba, kuma bai taɓa bari mun manta da haka ba. Ranar da na tare a gidana ya aiko mini da ƙwaryar kindirmo, haɗe da saƙon cewa yana yi wa baƙo maraba, in kuma na ga zaman bai karɓe ni ba, kada in ji kunyar tashi.

Dogo ne siriri, kamar an ja shi an manta ba a saki ba. In ka tambaye shi shekarunsa sai ya ce ka je ka tambayi hanya, don a kanta aka haife shi, tsakanin Sunkani da kogi, ranar da rugar mahaifinsa take ƙaura. Mahaifiyarsa ta ratse gindin wata ɗorawa, mata suka kare ta da zannuwa, aka tsayar da garke har ta huta. "Sau ɗaya ke nan shanu suka taɓa jirana," in ji shi, kuma yana faɗar haka ne da alfahari, kamar wanda gwamna ya taɓa tsayawa ya gaishe shi.

Rugarsa ba irin 'yan bukkoki biyun nan da ake hange daga bakin titi ba ce. Gari ce sukutum: shi da matarsa Inna Hadijatu, 'ya'yansa maza da matansu, jikoki da nasu matan, har da tattaɓa-kunne. Kuma ba a kafa bukka inda aka ga dama. Ta Inna Hadijatu ce can saman tudu. Na ce ta Inna, don Baffa, duk da shanun da Allah ya ba shi, ba shi da ɗakin kansa a duniya. A wurinsu mace ke gina ɗaki, ita ke da abinta, namiji baƙo ne mai dogon zama. Ƙasa da ita kaɗan sai ta matar Nasiru, babban ɗa. Haka ake gangarowa, babba sama, ƙarami ƙasa, har a kai ga bukkar amaryar da aka kawo bara, wadda take can inda gangaren ya ƙare. Don haka a rugar Baffa ko ruwan sama sai ya bi girma: ya gaishe da tsoho, ya wuce ta ƙofar 'ya'ya, ya je ya kwana a ɗakin jika. Na taɓa ce masa wannan ai zalunci ne. Ya ce shi ma daga can ƙasan ya fara, hawowa ake yi.

Tsakuwar nan ce ta kawo su. Da damina fadama ba wurin saniya ba ce: laka tana lalata kofato, ƙudaje masu cizo suna hana ta kiwo, Binuwai kuma in ya cika sai ya shanye makiyayar gaba ɗaya. A kan tudu kuwa ruwa ba ya kwana. Sai dai tsakuwar da ta cece su da damina ita ce take korarsu da kaka. Da ruwa ya ɗauke, ciyawar tudu sai ta yi ja ta karye, rafin da ke ƙasa ya koma yashi, shanu su juya fuska arewa su fara kuka. Sai a tashi a gangara Lau, inda kogi ya janye ya bar ɗanyar ciyawa. Ba kai tsaye ake zuwa ba. Gonakin da aka girbe ake bi, a kwana a nan, a yi mako a can, shanu suna cin kara da harawa suna bar wa manomi taki. A Lau ƙasa shimfiɗe take, ba sama ba ƙasa, amma nan ma an san yadda aka yi: tsoho ne nesa da ruwa, amarya ce a bakin sauro.

Duk inda aka sauka, abu na farko da ake kafawa shi ne dangwali, wato doguwar igiyar nan ta fatar shanu mai maɗaurai a jere, wadda ake miƙewa tsakanin turaku biyu a ɗaure maruƙa, don iyayensu su zo a tatse su. Baffa ne ke buga turken da hannunsa. Kafin ya buga, ko tukunya ba a saukewa. Kuma ruga ɗaya, dangwali ɗaya. Ranar da aka ga dangwali biyu, to ruga ta rabu.

Wannan shi ne abin da Baffa ya fi tsoro a duniya, kuma yana da dalili. A shekarar da cutar bushiya ta share shanu, rugar mahaifinsa ta watse. Shi da 'yan'uwansa suka yanka dangwalin uban, kowa ya ɗauki guntu ya kama gabansa. Ɗaya ya hau Mambila, ɗaya ya tsallaka Kamaru, ɗaya ya shiga gari ya zama mai gadi. Ba su sake cin tuwo a ƙwarya ɗaya ba. Guntun da ya faɗo hannun Baffa shi ya yi ta ƙara wa tsawo shekara da shekaru, ɗa ya yi aure a ƙara, jika ya sami saniya a ƙara, har igiyar ta kai sai an naɗe ta kamar mesa kafin mutum ya saɓa.

'Ya'yan sun daɗe suna kewaye-kewaye. Damina ta zama marar alƙawari, ta makara sannan ta zubo a lokaci ɗaya. Gidaje sun hau tudun, burtali ya cika da gonaki. Sauran rugage duk sun raba: tsofaffi da masu jego da 'yan makaranta su zauna wuri ɗaya, majiya ƙarfi su bi shanu. Duk sanda aka kawo wa Baffa wannan magana amsarsa ɗaya ce.

"Ku jira in mutu, sai ku yanka. Wuƙar ma ni zan bar muku."

To sai shekarar nan gwiwoyinsa suka ƙi. Suka kumbura kamar an cusa masa gwanda a wando. Mutumin da ya taka ƙasar nan daga Sunkani har bakin kogi tun yana goye, sai ga shi ba ya iya zuwa ƙofar gidana sai ya huta a hanya. Kaka ta shigo, ciyawa ta yi ja, shanu suka fara kukansu, haƙarƙarinsu ya fara fitowa. Ruga ba ta tashi ba tare da tsohonta ba, tsoho kuma ba ya iya tashi. Aka kawo jaki, ya ce jaki na ƙwarya ne da tabarma. Aka ce mota, ya ce shi ba buhun masara ba ne, ba zai bar ɗaki ya hau abin da ba ya numfashi ba.

Nasiru, da yake ɗan fari ne, ba ya iya tsayawa ya yi gardama da uban. Kai, ko sunansa Baffa ba ya faɗa, "wancan" yake ce masa, saboda kunya. Sai dai ka gan shi tsaye a bakin garke yana kallon shanu yana cizon leɓe. Ƙaninsa Muntasir kuwa, wanda ke sayar da maganin dabbobi a kasuwa, ƙafarsa ɗaya a ruga ɗaya a gari, shi ba a haife shi da wannan kunyar ba. Wata safiya bayan an gama tatsa, ina zaune ina jiran nonon da matata ta aike ni, sai ya durƙusa gaban uban.

"Baaba, ka ce ba za ka bar ɗaki ka shiga mota ba."

"Na ce."

"To in ɗakin ne ya shiga motar fa? Kai kana zaune a gidanka. Ina ruwanka da inda gida ya ga damar zuwa?"

Na zaci sanda za ta tashi. Baffa ya dubi ɗan, ya dubi shanu, sannan ya waiwaya wajen matarsa.

"Ɗakin ba nawa ba ne. Inna-wuro, kin ji abin da ɗanki yake cewa?"

Inna Hadijatu ko ɗagowa ba ta yi daga burgar nonon da take yi ba. "Ni dai kada a fasa mini ƙwarya," ta ce.

Da haka aka yanke. Garke zai tashi da ƙafa kamar kullum, Nasiru a gaba. Baffa da tsofaffi da ƙananan yara su tafi a mota, ya je ya buga turke, ya jira su. Ruga ba ta rabu ba, tunda rana ɗaya aka tashi, wuri ɗaya aka nufa, dangwali kuma yana kafaɗar mai shi. Kowa ya yaba wa Muntasir. Ni ma na yaba.

Direban da aka samo sunansa Tobias, mai wata tsohuwar babbar mota buɗaɗɗiya. An ce masa kayan ƙaura ne. Ya iso yana fito, ya sauko, sai ya tarar da ƙarti sun tone ƙafafun bukka, sun ɗaure ta da dogayen itatuwa, sun ɗago ta ɗungurungum suna nufo motarsa. Fiton ya tsaya masa a baki.

"Oga Muntasir, mene ne wannan?"

"Lodi ne."

"Na ɗauki siminti, na ɗauki doya, na ɗauki amarya, har gawa na ɗauka. Ban taɓa ɗaukar gida ba."

"Ai ba a gama ba," in ji Muntasir. "Mai gidan yana zuwa."

Aka aza bukka, aka ɗaure. Aka shigar da gadon kara, aka jera ƙoren Inna. Aka tallafo Baffa aka zaunar da shi a ciki, malfa a kai, dangwali a kafaɗa. Ya leƙo ya ce ƙofa ba ta kallon yamma. Ƙofar bukka dole ta kalli yamma, wajen garke. Sai da aka sake kwancewa aka juya ta ta kalli gefen hagu na motar, tunda arewa za mu. Sannan Inna ta hau, da sauran tsofaffin mata, da yara, da kaji, da Bushra matar jikansa, wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, jaririnta a ƙirji. Ni kuwa matata ta ce tunda mota za ta Lau ta dawo ba kaya, in bi in sayo mata busasshen kifi. Da haka na sami kaina a gaba, matse tsakanin Tobias da Muntasir.

Kwanar farko da muka sha, sai muka ji ƙwam! ƙwam! a kan rufin motar. Tobias ya taka birki.

"Lafiya, Baba?"

"Ƙofa ta juya!"

"Baba, ba ƙofa ba ce, hanya ce ta juya."

"To ka gaya mata ta koma."

Haka muka ratsa Jalingo. Ban taɓa ganin gari ya buɗe baki a lokaci ɗaya kamar ranar ba. Masu keke suka riƙa tsayawa a tsakiyar titi. Wata mai tallar ayaba ta juya ta bi mu da kallo har tiren ya zame. Samari suka ɗaga wayoyi. Baffa kuwa yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana amsa gaisuwa da ɗaga sanda, kamar dama haka ake yi. A shingen bayan gari wani jami'i ya ɗaga hannu, ya zagaya motar, ya dawo wajen taga a hankali.

"Me ka ɗauko?"

"Gida," in ji Tobias.

Jami'in ya leƙa. Baffa ya ce masa, "Sannu da zuwa. Sai dai ba ka yi sallama ba." Bawan Allah ya yi sallama, ya ja da baya, ya buɗe mana hanya.

Tafiyar da shanu ke yi har wata ya fito ya mutu, mu kafin azahar mun gama ta. Muka sauka daga babbar hanya muka bi wata 'yar turba da Muntasir ya nuna. Ƙasa ta fara yin baƙi, ta fara laushi. Muka zagaya wani kurmi, sai Tobias ya tsaya ba wanda ya ce ya tsaya.

Ruwa. Iya ganinka ruwa, shimfiɗe, yana ƙyalli. Can a tsakiya wata giginya ce tsaye ita kaɗai, ruwan ya kai mata ƙugu.

Muka fito. Baffa ya leƙo daga bukka, ya kare ido da hannu, ya daɗe yana kallo.

"Kun ɓata hanya. Ba nan ba ne."

"Nan ne, Baaba," in ji Muntasir, muryarsa ta dawo ƙarama. "Ga giginyarka can."

"Innalillahi," in ji Baffa. Ya sake faɗa. Ya san wurin yana cika da damina, mana. Kowace shekara yana ganin shatar ruwa a jikin giginyar, yana nuna wa jikoki. Amma sani daban, gani daban. Tunda yake bai taɓa ganin gidansa na rani da ruwa a kai ba. Wani masunci ya taho a kwalekwale, ya ratsa daidai inda garke ke kwana, ya jefa birgi, ragarsa ta kamun kifi, a inda Inna ke kafa murhu.

"Kai, mai jirgi!" Baffa ya ɗaga murya. "Me ya sami wurin nan?"

Masuncin ya matso, ya dubi motar, ya dubi bukkar da ke kanta, ya kusa sakin filafili.

"Baba Hammanjoda? Kai ne a sama? Ina shanun?"

"Suna hanya. Ni ruwan nake tambaya."

"Ai kowace shekara haka yake a irin wannan lokacin, Baba. Bana dai ya ɗan ƙara nauyin jiki. Ku ne ba ku taɓa zuwa kun same shi ba. Kullum sai ya tafi kuke isowa."

Sai a lokacin abin ya faɗo mana duka. Su ba su taɓa tashi daga tudu don ruwan Lau ya janye ba. Suna tashi ne don ciyawar tudu ta ƙare. Tafiyar ce, da tsaye-tsayenta a gonaki, take cinye lokacin da kogi ke buƙata ya kwashe kayansa. Tun kakanni ƙafar saniya ke yi musu wannan jiran, ba wanda ya taɓa lura, don ba wanda ya taɓa rigan saniya zuwa. Kuma a cikin motar nan akwai wayoyi sun kai na ƙaramin shago, amma ba wanda ya yi tunanin ya kira Lau ya tambaya. Me za a tambaya? Wa ke buga waya ya ji ko gidansa yana nan?

Inna Hadijatu ce ta fara samun bakin magana. Ta nuna kifin da ke cikin kwalekwalen.

"Wannan a ɗakina ka kama shi."

Masuncin ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya miƙo mata manya guda biyu. Ta miƙa mini ba tare da ta dube ni ba. Da su na koma wa matata, kuma har yau ba ta yarda cewa ba saye na yi ba.

Tobias ya ce shi dai a bar shi ya juya tun ƙasa ba ta haɗiye shi ba. Ya sa giyar baya, tayoyi suka yi kuka, suka nutse. Ya ƙara wuta, suka ƙara nutsewa, motar ta karkata, bukka ta sunkuya kamar mai gaisuwa, muka ji ƙoren Inna suna gudu a ciki. Mata suka sa salati. Tobias ya fito ya ɗora hannu a ka yana kiran sunan Yesu. Masunta suka taru, suka ce sai kowa ya sauka kafin a tura.

Baffa ya ce ba ya sauka. Aka roƙe shi. Ya ce sharaɗin da aka yi shi ne yana cikin ɗaki. Sai da motar ta ƙara karkata sannan Muntasir ya hau, ya juya wa uban baya ya durƙusa. Na kawar da kai, sauran ma haka. Da na waiwayo, Baffa yana goye a bayan ɗansa, dogayen ƙafafunsa suna lilo, dangwali yana jan laka. Aka ajiye shi a gindin wata bishiya a kan busasshiyar ƙasa.

Na je na zauna kusa da shi. Ƙudaje suka same mu nan da nan, manya masu cizo kamar allura. Bushra ta lulluɓe jaririnta da mayafi tana kore su da hannu ɗaya, jaririn yana tsala kuka. Wata 'yar jika ta zo ta ja zanen Inna ta ce nono take so. Babu saniya. Rugar Hammanjoda ce guda a zaune, ba ɗigon madara.

"Malam," Baffa ya ce mini, "saurara. Me ka ji?"

Na kasa kunne. "Ban ji komai ba, Baffa. Sai masu turin mota."

"Shi ne. Tunda aka haife ni ban taɓa zama inda ba a jin saniya ba."

Ba a iya zama a nan da jariri a jira ruwa. Ba a iya bin garke cikin gonakin mutane da mota. Ba a iya ce wa garken ya yi sauri, don ciyawar da zai zo ci tana ƙarƙashin kwalekwale. Da aka ciro motar, ba wanda ya tambayi inda za a nufa. Aka mayar da Baffa ɗakinsa. Yanzu kudu muka dosa, ƙofa tana kallon gabas sosai, amma sanda ba ta taɓa rufin mota ba ko sau ɗaya. Shirun ya fi bugun damun mu. Tobias ma sai da ya ce, "Oga, a duba Baba ko yana lafiya."

Muna tsaye ana dubawa sai wayar Muntasir ta yi ƙara. Nasiru ne. Muntasir ya buɗe murya kowa yana ji.

"Hamma," ya ce wa yayan nasa, "muna hanyar dawowa. Ruwa bai janye ba."

Sannan Nasiru ya ce, "Ka gaya wa Baaba mun sauka a gonar farko. Ka ce masa maruƙa sun ƙi igiyar kasuwar da muka sa a madadin dangwali. Sun tsinke sun shanye nonon, mata ba su sami abin tatsa ba. Ka ce masa ban san inda za a kafa bukka ba, tunda ba a buga turke ba. Kowa yana tsaye da kaya a ka."

Baffa yana jin komai, wayar tana dab da kunnensa. "Ka gaya wa wancan na ji," ya ce.

Bukka ta sake ratsa Jalingo da la'asar, wannan karon da laka har wuya. Waɗanda aka ba labari da safe suka ƙaryata, yanzu suka gani da idonsu. A tudu kuwa, maƙwabciyarmu Madam Cecilia, wadda ke kwashe takin garke duk shekara in ruga ta tashi don lambunta, tana tsakiyar cika baro. Ta ɗago, ta ga ɗakin da ta yi wa ban kwana da safe yana hawowa tudu. Shebur ya faɗi daga hannunta.

"Mama! Rani ya ƙare ne?"

"Mun je mun ga wuri," in ji Inna. "Ba a gama shara ba."

Aka sauke bukka a ramukanta na da. Aka zaunar da Baffa a ƙofa, tana kallon yamma, inda babu garke sai baron Cecilia. Ya sauke dangwali daga kafaɗa, ya warware shi a ƙasa, ya bi shi da hannu maɗauri bayan maɗauri, yana goge lakar. Sannan ya miƙa hannu.

"Muntasir, wuƙa."

Inna ta rufe baki da gefen mayafi. Tsofaffin matan suka daina sauke kaya. Muntasir ya tsaya kamar an dasa shi.

"Baaba, ka ce sai ka mutu."

"Na faɗa. Na duba na ga ban shirya ba. Kawo."

"A bari gobe. A sayo wata igiyar mai ƙarfi, a kai musu."

"'Ya'yana suna tsaye a gonar mutane da kaya a ka. Shanu sun jira ni sau ɗaya, ba za su yi na biyu ba. Kawo wuƙar nan, kada ka sa in tashi."

Fatar ta tsufa ta yi tauri, ba ta yanku da sauƙi ba. Ya yi ta gurzawa, ba wanda ya isa ya ce a taimaka masa. Da ta rabu, wata tsohuwa ta fashe da kuka kamar an yi mutuwa. Baffa bai ɗago ba. Ya naɗe guntu ɗaya ya miƙa wa Muntasir.

"Ka kai wa wancan tun rana ba ta faɗi ba. Ka ce ya buga turken da hannunsa, ya yi bisimilla. Ka ce ya turo mana shanun tatsa biyu da 'ya'yansu. Ka ce da ruwan farko ya dawo, ina nan."

Muntasir ya karɓa da hannu biyu, ya tafi da gudu, idonsa jajur. Can Inna Hadijatu ta matso, ta dubi guntun da ya rage a ƙasa, ta bi tsawonsa da ido, ta sake bi.

"Tsohon nan," ta ce, "maruƙa biyu za a kawo maka. Wancan yana da garke guda. Ya aka yi naka ya fi tsawo?"

"Ni na yanka," in ji Baffa.

Haka aka yi ranin nan a tudu, karo na farko. Ruwa daga rijiyar burtsatsen Cecilia, harawa da dusa daga kasuwa. Yara suka shiga makaranta ba katsewa. Baffa ya buga turakunsa, aka miƙe doguwar igiyar, maruƙa biyu a can ƙarshe ɗaya, sauran maɗauran duk a sake suna lilo. Kullum da safe zai zauna yana kallon su, ni kuwa in na zo karɓar nono sai in rasa inda zan sa idona.

Wata safiya na hawo tudun na tsaya cak. Bushra, yarinya ce, igiyar shanyarta ta tsinke, ta duba ta ga doguwar igiya a miƙe ba abin da take yi. Tun daga maruƙan har ɗaya turken, dangwalin Hammanjoda, gadon ubansa, cike yake da 'yan rigunan jariri da wandunan 'yan makaranta suna ɗigar ruwa. Inna ta fito ta gani, ta dafe ƙirji. Bushra ta ga fuskokinmu, sai a lokacin ta gane, ta ruga za ta kwashe.

Baffa yana ƙofar ɗaki, ya riga mu gani tun tuni. Ya ɗaga sanda ya tsayar da ita.

"Bar su," ya ce. "Su ma maruƙa ne. Sai dai ki jera su daidai, na babba a sama."